Talabijin Ɗin Marigayi Malam Buba

Tsiga,
Litinin, 4 ga Oktoba, 2021.

Zuwa ga ƙanena Murtala,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyalinka, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Idan ka manta ni, ni ce Lauratu, jikar Mairo ta Kafur, ƙanwar kakanka. Rabonmu da haɗuwa tun bikin da aka yi a Kafur, lokacin kana ta yawo da sukurudireba a aljihun gaba kamar biro. Mun samu ta'aziyyarka ta rasuwar Malam, Allah ya ba da lada. Ni da yara, Mansura da Zakiyya, muna nan lafiya. Takaba ce dai ta ɗaure ni a ɗaka sai farkon Janairu.

Ka ga takarda a wannan zamani. Ka san tun watan jiya aka katse mana sabis a nan yankin, waya ta koma tocila. Ɗanjuma direba, mai kai masara Zariya, shi ya ce ya san shagonka a Sabon Gari.

Talabijin ɗin Malam ne ya ƙi. Irin na zamanin nan ne mai shiga intanet. Idan na kunna sai wani akwati ya fito a tsakiya da rubutun Turanci, da wani ɗan zobe yana ta juyawa ba ya tsayawa. Na bar shi daga hantsi har la'asar yana juyawa. Rimot kuma ya daina ji tun da na sake masa batir. Da sola muke kunna shi.

Don Allah ka rubuto mini yadda zan yi da hannuna. Ba na son kiran mai gyara daga Bakori, kafin ya fita garin nan ya ɗauka cewa mai takaba tana neman kallon fim. Wallahi ba don kallo ba ne. Ka bar maganar tsakaninmu.

Yayarka,
Lauratu.

Sabon Gari, Zariya,
Alhamis, 7 ga Oktoba.

Yaya Lauratu,

Wa alaikumus salam. Yaya zan manta wadda ta hana ni naman kai a bikin Kafur? Muna lafiya, maiɗakina tana gaishe ki. Allah ya jiƙan Malam Buba, ya sa ya huta.

Ba sai kin rantse mini ba. Gidan da aka yi rashi shiru ya fi komai nauyi a cikinsa, ko don yaran ai a kunna.

Ciwon nasa na san shi, uku irinsa aka kawo mini daga Funtuwa a watan nan. Kamfani ne ya turo masa sabon gyara ta intanet, abin da muke ce wa ofdet. Ya fara sha, aka katse sabis, shi ne yake jiran ragowar. Da farko ki zare shi daga soket, ki danne maɓallin kunnawa da ke ƙasansa kamar minti ɗaya, ki bar shi ya huta, ki mayar. Wani lokaci wannan kaɗai ya isa.

In ya ƙi, ki sake zarewa, ki danne maɓallin, kina danne da shi ki sa Mansura ta mayar da soket. Baƙin allo zai fito da layuka biyar na rubutu. Taɓa maɓallin sau ɗaya yana saukar da ke layi ɗaya, dannewa da daɗewa kuma shi ne zaɓa. Ki sauka layi na huɗu ki danne. Zai ɗan jima sannan ya tashi tas, kamar ranar da aka fito da shi daga kwali, babu komai a cikinsa. Shi ke nan, sai ki aiko mini da tukuicin daddawa.

Ƙaninki,
Murtala.

Tsiga,
Laraba, 13 ga Oktoba.

Murtala,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya.

Sai jiya takardarka ta iso. Na yi na farkon, zoben ya dawo. Na yi na biyun, baƙin allon ya fito, na sauka har layi na huɗu. Yatsana yana kan maɓallin na sake kallon takardar don in tabbata, sai idona ya faɗa kan "babu komai a cikinsa". Murtala, me kake nufi da babu komai? Har abin da mutum ya ajiye da hannunsa?

Laifina ne, na ɓoye maka. Ga gaskiyar magana. Gonar Malam kashi biyu ce, tudu da fadama. Tudun ya gaji, in ba a zuba masa taki ba ko karan kirki ba ya yi. Fadamar ce ke ba mu shinkafar da muke ci har ta kai yaran nan makaranta. Shekara goma sha bakwai da aurena, ban taɓa ganin wani ya sa mata fartanya ba sai Malam. Ana gama sadakar arba'in, Ɗanasabe, ɗan marigayi Alhaji Maitama mai gonar da ke maƙwabtaka da mu, ya je wa dagaci da maganar wai fadamar ta ubansa ce, aro ya ba Malam. Ba shi da takarda, mu ma ba mu da ita. Dattawan da suka san asalin abin duk sun kwanta dama.

Amma farkon damina Malam ya zagaya gonar da wayarsa ya ɗauki bidiyo, ya dawo ya zuba a talabijin. Ina tankaɗe ya ce mini, “Batun fadama yana cikin nan, in wani abu ya taso a duba.” Ban duba ba, me zai taso? Bayan sati biyu wayar ta faɗa ruwa a fadamar ta mutu. Ƙarshen Agusta amai da gudawa ya ɗauke shi a kwana uku. In wannan bidiyon ya tafi, ban da abin da zan nuna.

Yanzu allon yana nan a kan layi na huɗu. Ina tsoron in taɓa, ina tsoron in kashe. Na lulluɓe shi da zane, na kulle ɗakin, na hana kowa kunna ƙwai ko fanka don kada batirin sola ya sauka. Hadari kuma ya ƙi barin rana ta fito sosai. Na roƙi Ɗanjuma ya tsaya a kanka har ka rubuta.

Lauratu.

Zariya,
Juma'a, 15 ga Oktoba.

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, Ɗanjuma yana tsaye a bakin shago yana kaɗa mukulli.

Kada ki danne layi na huɗu. Shi ne mai share komai, kuma abin da ya share ko ni ba na iya dawo da shi. Da na karanta takardarki sai da na zauna. Kin rubuta mini ba don kallo ba ne, ni kuma na ɗauka kunya ce kawai. Ya kamata in tambaya kafin in ba ki wuƙa.

Ki kwantar da hankalinki, muddin ba ki danne ba bai taɓa komai ba. Ki zare soket kawai. Ko batir ya mutu da kansa ba abin da zai faru, ki bar yara su kunna fankarsu.

Ga wani abu cikin leda na ba Ɗanjuma, maus ake ce masa, wato ɓera, mai doguwar waya. Ki laluba bayan talabijin, akwai wata 'yar ƙofa mai kusurwa huɗu, ki soka bakin wayar. In ya ƙi shiga ki juya shi, kada ki tilasta. Ki kunna yadda kika saba. Wata 'yar kibiya za ta fito a allo, duk inda kika ja maus a kan tabarma ko faranti nan za ta bi. A ƙasan akwatin mai zobe akwai ƙananan rubutu biyu. Ki kai kibiyar kan na hagu ki latsa, shi ne yake nufin a bari sai wani lokaci. Daga nan ki nemi hoton jakar takardu mai ruwan ɗorawa, a nan ake ajiya. Abin da duk ba ki gane ba, ki bar shi ki tambaye ni.

Murtala.

Tsiga,
Alhamis, 21 ga Oktoba.

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Lafiyarmu ƙalau, yau har na ci tuwo da miya na ƙara. Allah ya yi maka albarka, ya raya maka zuri'a.

Ɓeran naka ya yi aiki. Sai da na sha fama, kibiyar tana gudu kamar ɗan akuya, in na ce hagu ta yi sama. A kan murfin langa na samu ta nutsu. Zoben ya tafi, na samu jakar, na samu bidiyon.

Na ga Malam, Murtala. Da tsohuwar hularsa ta zuwa gona. Shi ya riƙe wayar, wani lokaci ya juyo da ita fuskarsa, wani lokaci ya nuna gona. Ya bi iyaka tun daga ɗorawar nan har bakin rafi. Da ya zo fadamar sai ya tsaya, ya nuna ta da hannu daga wannan gefe zuwa wancan, sannan ya dafa ƙirjinsa har sau biyu. Ko makaho aka ba labari ya san me ake nufi. Na yi kuka, amma na daɗi ne.

Matsala ɗaya, babu murya. Bakinsa yana motsi, ba a jin komai. Na ƙara sauti har ya cika layin, shiru.

Na kira Isah ƙanen Malam ya gani. Ka san shi da zafin kai, bai ko zauna ba ya wuce gidan dagaci ya ce muna da shaida, Malam da kansa. A masallaci ma ya faɗa, wai Ɗanasabe zai san ya taɓa marayun Buba. Dagaci ya sa ranar Asabar 6 ga Nuwamba, kuma saboda ba na fita ya ce a zaurenmu za a zauna. Shinkafar ta sunkuya, an ce kowa ya dakata da yanka sai an yanke magana.

Isah ya ce ko ba murya hoton ya isa. Ni dai ina son muryar, don a rufe bakin kowa, kuma don ina son in ji ta. Daddawarka tana hannun Ɗanjuma, in ta ragu ka san inda ta shiga.

Yayarka,
Lauratu.

Zariya,
Lahadi, 24 ga Oktoba.

Yaya Lauratu,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗi ƙwarai. Daddawa ta iso, ƙulli huɗu, Ɗanjuma ya rantse haka kika ba shi.

Ina zargin Malam yana da 'yar sifika ta hannu da yake haɗawa da talabijin ba da waya ba. In haka ne, talabijin ɗin yana can yana tura muryar ga sifikar da ba ta nan. Ki kai kibiya sama ta dama, kan hoton da ya yi kama da haƙoran injin niƙa. Ki latsa, ki nemi hoton lasifika. Za ki ga layi biyu, ɗaya da ɗigo a gabansa. Ki latsa ɗayan, wanda yake da hoton talabijin, ɗigon ya koma can. Ki rage sauti tukuna don kada ya firgita ki.

Shawara ɗaya, ba ta gyara ba. Ki fara ji ke kaɗai kafin kowa. Isah ya yi gaggawa da ya kai magana masallaci alhali ba a ji abin da mutumin ya ce ba. Ba wai ina tunanin wani abu ba ne, sana'a ce ta koya mini kada in ce na gama sai na ga hoto na ji murya.

Murtala.

Tsiga,
Litinin, 1 ga Nuwamba.

Murtala,

Ina gaisuwa. Jikinmu lafiya.

Motar Ɗanjuma ta kwana biyar a gareji, sai jiya na samu takardarka. Na yi yadda ka ce. Muryar ta fito.

Da ya nuna fadamar cewa ya yi, “Daga nan zuwa can ba tawa ba ce. Alhaji Maitama ne ya ba ni aro shekarar da na yi aure, ya ce in ci har Allah ya hore mini.” Da ya dafa ƙirji kuma cewa ya yi, “Ni ne shaida, tunda shi ya rasu.” Nan na zare soket, ban iya jin sauran ba.

Shekara goma sha bakwai ina kai masa abinci fadamar nan, ina tsinka da shi, ina sussuka, bai taɓa buɗe baki ya gaya mini ba. Ina jin haushinsa, Allah ya yafe mini, mutum yana kabari ina jin haushinsa. Na kalli Zakiyya tana wanke kwano tana waƙa, na rasa inda zan sa raina. Tudun nan ba zai riƙe mu ba.

Ba wanda ya ji sai ni. Isah ya san babu murya, dagaci ma haka za a gaya masa. Na mayar da ɗigon inda na same shi, ya koma shiru. Abin da nake tambaya shi ne, zai zauna a haka ranar Asabar, ko yana iya komawa da kansa in an ɗauke shi zuwa zaure? Kuma in suka kawo wani mai gyara, zai gane an taɓa?

Ba ƙarya zan yi ba. Ba zan ce komai ba, zan bar shi ne yadda Malam ya bar shi. Kada ka yi mini wa'azi, na san duk abin da za ka faɗa. Amsa kawai nake so, kuma kafin Asabar.

Lauratu.

Zariya,
Alhamis, 4 ga Nuwamba.

Yayata,

Na amsa gaisuwa. Wannan ce takarda ta uku, biyu na yaga.

Kin tambayi mai gyara, ga amsar mai gyara. Zai zauna a yadda kika bar shi, ɗauka ba ta canza shi. Wani mai gyaran ba zai gane an taɓa ba, amma in aka ce ya nemo murya, minti biyu ya ishe shi.

Wa'azi kuma ba ni da bakinsa. Ni ina nan ina cin abinci daga shago, ban san zafin ciyar da marayu biyu da gonar da ta gaji ba. Abin da kawai ya tsaya mini a rai shi ne, Malam ba ya buƙatar bidiyo don ya riƙe fadamar nan, tana hannunsa, ba mai tambayarsa. Ya bar aikinsa ya zagaya gona yana magana shi kaɗai don wani abu ya dame shi. Kuma cikin duk mutanen Tsiga ke ya gaya wa inda ya ajiye.

Ko me kika yi, daga bakina ba wanda zai ji. Kuma ko me aka yanke, ni da maiɗakina mun yi magana, in kin yarda Mansura ta zo nan ta ƙarasa sakandare. Ba sharaɗi ba ne, kada ki karanta shi haka.

Ina tsoron takardar nan ba za ta riski Asabar ba. Na je tasha sau biyu ban ga Ɗanjuma ba.

Ƙaninki,
Murtala.

Tsiga,
Litinin, 8 ga Nuwamba.

Ƙanena Murtala,

Assalamu alaikum. Muna nan da rai da lafiya. Takardarka jiya Lahadi ta zo, an riga an tashi. Na karanta duk da haka, kuma na gode da batun Mansura, za mu yi maganarsa in na fita takaba.

Ranar Asabar da hantsi aka kai talabijin zaure. Dagaci ya zo da limami da dattawa uku, Ɗanasabe ya zauna can bakin ƙofa shi kaɗai. Isah ya kasa sarrafa maus, sai aka ja wayar ta ƙarƙashin labule, na zauna daga ciki da murfin langa a cinyata, ina hango allon ta gefe. Na kunna shi shiru, yadda na yi niyya.

Malam ya nuna fadama, ya dafa ƙirji. Na ji dattawan suna cewa to, to. Isah ya ce, “Kun dai gani.” Ɗanasabe kuwa na hango shi ta ƙasan labule yana murza yatsun ƙafarsa. Sai dagaci ya ce, “Babu murya ne?” Isah ya ce, “Ta lalace, ranka ya daɗe, haka muka same shi.”

Da ba a tambaya ba, ban san me zan yi ba, kuma ba zan yi maka alfaharin na sani ba. Amma an tambaya, bakin Malam kuma yana ta motsi a gaban mutane kamar wanda aka shaƙe. Na ce, “Akwai murya, ranka ya daɗe.” Na mayar da ɗigon kan talabijin, na dawo da bidiyon daga farko.

Da aka zo wurin, Isah ya tashi ya fita, ko takalmi bai tsaya sa wa daidai ba. Har yau bai shigo gidan nan ba, matarsa ta aiko mini cewa na tozarta shi a gari kuma na cuci 'ya'yana. Dagaci ya ce magana ta ƙare, fadama ta magadan Alhaji Maitama ce. Ɗanasabe ya ce shinkafar bana wanda ya shuka shi ke da ita, mu yanka. Baɗi zai karɓi abinsa, shi ma yana da bakuna tara a gida. Ban ga laifinsa ba. Jibi za mu sa lauje.

Na gaya maka rannan ban ji ƙarshen bidiyon ba. A zauren na ji shi, tare da kowa, don ba wanda ya ce a kashe. Bayan ya gama da iyaka sai ya juyo da wayar, ya gyara hula. Ya ce, “Lauratu, na san ke za ki buɗe wannan. Na yi ta so in gaya miki, in na ga yadda kike murna da shinkafar nan sai in kasa. Ki yafe mini. Ki mayar musu.”

Tun da aka kawo ni gidan nan bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce ke, ko uwar yara. Sai ga shi ya kira a gaban dagaci da limami. Mazan duk suka sunkuyar da kai. Ni kuwa ina bayan labule na toshe bakina da mayafi, na ce na yafe, a hankali, don kada su ji.

Ka gaida maiɗakinka.

Yayarka,
Lauratu.